Asalin Gida Ko Asalin Gari: Wanne Ake Tambaya Wajen Tallafin Karatu?

Tambaya

Malam, ni ɗalibi ne daga ƙaramar hukumar Rogo, ina aji biyu a jami'a. Mahaifina manomin masara da rake ne, kuma kuɗin makaranta ya fara fin ƙarfinsa. Kakata ta wajen uba takan ce mu ba talakawa ba ne, kakanta ya taɓa riƙe sarauta a ƙasar Karaye tun kafin zuwan Turawa. Abokaina kuwa cewa suke yi sikolashif na 'ya'yan manya ne, in ba ni da gidan da zan jingina da shi kada in ɓata kuɗin kafe wajen cike fom. Shi ne nake tambaya: daga ina gidajen sarauta suka samo asali har suka bambanta da sauran mutane? Kuma in na binciko namu asalin, zai taimake ni wajen samun tallafin karatu?

Daga wani ɗalibi, Rogo.

Amsa

Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka, ya ƙara wa Hajiya kaka lafiya da nisan kwana. Tambayoyinka biyu ne a ido, amma kalma ɗaya ce ta ɗaure su, wato asali. Da kakarka da ma'aikacin da zai duba takardunka, kowannensu zai yi maka maganar asali, sai dai abin da take nufi daban, abin da yake nufi daban. Bari mu fara da nata, don shi ya fi tsawo kuma ya fi daɗin ji.

Babu gidan sarautar da ya faɗo daga sama. Kowane gida ka bi salsalarsa za ka kai ga wani mutum guda wanda ubansa ba sarki ba ne. Abin tambaya shi ne ta wace ƙofa wannan mutum ya shiga.

Ƙofa mafi tsufa ita ce ta saran gari da takobi. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara daga Larabci a 1908, ya fara lissafin sarakuna daga Bagauda, ya kuma nuna cewa ko shi ya tarar da mutane a gindin Dala da shugabanninsu. Karaye ba ta cikin Hausa Bakwai kamar Rano, amma tsohon gari ne, kuma muhimmancinta ya zo ne daga inda take: ita ce ƙofar Kano ta yamma, tana fuskantar Katsina a zamanin da Kanawa da Katsinawa ba sa ga maciji. Littafin ya kawo labarin Wambai Giwa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wajen 1618 zuwa 1623. Wannan basarake, bayan ya faɗaɗa ganuwar birni, sai ya tare a Karaye yana kai wa Katsinawa hari yana turo ganima. Ya tara dawaki da barade masu lifidi har fada ta fara yi masa kallon mai shirin tawaye, kuma a zamanin Sarki Kutumbi aka tuɓe shi. Ka ga tun shekaru ɗari huɗu da suka wuce, wanda ya riƙe Karaye ya riƙe wuri mai nauyi, kuma tun a lokacin rawani abu ne da ake ɗaurawa ake kuma warwarewa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi shafar gidajen da muke gani yau, kuma ita nake so ka fi kula da ita. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, almajiransa na ƙasar Kano suka yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, nan yamma da birni. Ta wannan shiyya taku aka fara gwabzawa, kuma Karaye ta faɗa hannunsu tun kafin birni ya faɗa. Sarki Alwali, na ƙarshe a gidan Kutumbawa, ya sha kashi a Ɗanyaya, ya bar gari, aka ƙarasa da shi a Burumburum wajen 1807. To su wane ne jagororin wannan yaƙi? Malam Jamo na Sulluɓawa, Malam Bakatsine na Joɓawa, Malam Jibir na Yolawa, Malam Dabon Dambazau, Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Usman Bahaushe wanda ya zama alƙali. Sake karanta sunayen ka ga abin da ke gaban kowanne. Babu Ciroma, babu Galadima. Malam ne, Malam ne, Malam ne. Sulaimanu da aka ba sarautar Kano bayan jihadi malami ne mai limanci. Da ya rasu a 1819 Ibrahim Dabo ya hau, kuma zuriyarsa ce ke kan karagar Kano har yau. Wasu daga cikin gidajen suka zama masu zaɓen sarki: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, Sarkin Dawaki Mai Tuta daga zuriyar Malam Jamo. A Karaye ma a wannan juyi ne sarauta ta bar hannun tsofaffin sarakunan Haɓe ta koma hannun Fulani, garin ya ci gaba da zama cikin manyan garuruwa masu sarautar gado a ƙarƙashin Kano, sahu ɗaya da Rano da Gaya da Dutse da Birnin Kudu.

Wato dai mafi yawan manyan gidajen ƙasar Kano da allo da tawada suka fara, tuta ta biyo baya, rawanin sarauta ya zo daga ƙarshe. Jikokin ne suka tashi suka tarar da algaita.

Akwai ƙofa ta uku wadda mutane ba su cika son ambata ba, ita ce ta bauta da barantaka. Shamaki da Ɗanrimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, amma a ƙarni na 19 sun riƙe dukiya da makamai da sirrin fada fiye da 'ya'yan sarki da yawa, kuma gidajensu sun zama gidaje. Ta huɗu kuwa Turawa ne suka buɗe ta. Bayan sun ci Kano a 1903, Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka tashi hakimai daga birni aka ce kowa ya koma ya zauna cikin talakawansa ya tara haraji. A wannan aiki an ɗaga wasu, an haɗe ƙananan garuruwa a ƙarƙashin dagaci ɗaya, masu ƙananan sarautu da yawa suka wayi gari ba su da ko unguwa. In kakan kakarka ya riƙe wani gari kafin Turawa, sannan sarautar ta ɓace daga gidanku, a irin wannan lokaci ko a lokacin jihadi ya kamata ka fara nema. Ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Gidajen da suka taɓa sarauta suka sauka sun ninka waɗanda ke kanta.

Kai ma ai ganau ne. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Bichi da Rano da Gaya, Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu ya karɓi sanda, har Gwarzo da Kabo suka shigo ƙarƙashinsa. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar. Bayan wata biyu aka sake kafa masarautar da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu kacal, Karaye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz Karaye wanda shi ne hakimin Rogo kafin nan. Ba ina neman in ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba, wannan fili ba nasa ba ne. Abin lura shi ne cikin shekara biyar darajar gida ɗaya ta hau ta sauka ta sake daidaita, duk da alƙalamin majalisar dokoki.

Sai kuma wata magana da zan faɗa maka a hankali, don kada ka ji ta a bakin wanda zai yi maka dariya. A al'adarmu sarauta ta wajen uba take bi. Kai ta wajen mace ka haɗu da wannan gida, saboda haka ko da labarin ya tabbata ɗari bisa ɗari, dangantaka ka samu, ba gadon rawani ba. Dangantaka kuwa ba abin rainawa ba ce, ana zumunci da ita, ana sanin kai da ita.

Yanzu mu zo kan karatu. Maganar abokanka tana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. Makarantar boko ta farko da gwamnatin Turawa ta buɗe a Kano, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fara a Nasarawa a 1909, tana da sashe na musamman na 'ya'yan sarakuna. Manufar a fili take: a samu masu rubutu da lissafi da za su gaji iyayensu su riƙe En'e. Baitulmali ke ciyar da ɗalibai, kuma ta hannun hakimi ake ɗaukar yaro. Wanda fada ba ta san da shi ba, makaranta ma ba ta san da shi ba.

Amma sai abin ya zo da wani juyi da Turawan ba su shirya masa ba. Masu sarauta da yawa sun ɗauki boko hanyar lalacewa, ko ma hanyar barin addini. Da aka ce kowa ya kawo yaro, sai wasu suka ɓoye 'ya'yan cikinsu suka tura 'ya'yan barori da na talakawan da ba su da bakin musu. Bayan shekara ashirin, waɗannan yara su ne malaman makaranta, su ne akawuna, su ne ke fassara tsakanin Joji da hakimi. A Kwalejin Katsina, wadda ta fara a 1921 kuma daga baya ta zama Barewa, Ahmadu Bello ɗan hakimin Rabah, jinin Shehu, ya yi zamani da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda mahaifinsa ma'aikacin gidan hakimi ne a ƙasar Bauchi. A 1945 aka tura Abubakar Landan ƙaro ilimin koyarwa da kuɗin gwamnati, shekara ta gaba Malam Aminu Kano ya bi sahu. Ɗaya ya dawo ya zama Firayim Minista, ɗaya ya dawo ya jagoranci NEPU, jam'iyyar da ta fi kowace tsaya wa sarakuna a wuya.

Misalin da na fi so shi ne na Alhaji Yusuf Maitama Sule. Mahaifinsa bara ne a gidan Madakin Kano, kuma Madakin ne ya sa shi makaranta. Shi da bakinsa yakan ba da wannan labari, bai taɓa ɓoye shi ba. Yaron gidan Madaki ya zama minista a Jamhuriya ta Farko, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma fadar sarki ta naɗa shi Ɗanmasanin Kano. Da ya rasu a 2017, gidansa ya riga ya shiga sahun gidajen da ake ambata. In kana neman amsar tambayarka ta farko a cikin mutum ɗaya, ga ta nan.

Ka taɓa lura da sunayen mutanen nan? Aminu Kano, Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari. Duk sunan gari ne a ƙarshe, ba sunan uba ba. Makarantun kwana na wancan zamani, da suka tara Muhammadu goma da Abubakar bakwai a aji ɗaya, da garinsu suke rarrabe su. Ɗan hakimi da ɗan manomi in daga gari ɗaya suka zo, suna ɗaya za su ɗauka. Tun daga rijistar aji boko ta fara ajiye asalin gida gefe tana tambayar asalin gari.

Haka abin yake har yau, sai ma ƙaruwa da ya yi. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, kuma a shekarar ce aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Kuɗin karatu ya bar baitulmalin sarki ya koma ma'aikatun gwamnati. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi. Ko wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa cikin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Kano tana cikin wannan lissafi. Duk cikin wannan babu inda aka bar layin da za ka rubuta sunan kakan kakarka. Abin da fom ke tambaya shi ne jiha da ƙaramar hukuma, wani lokaci da mazaɓa.

A nan ne kaɗai sarauta ta rage da hannu a cikin lamarin, kuma hannun na kowa ne. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kuke kira indijin, daga sakatariya take fitowa, amma bisa al'ada sai mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida cewa an san ka, an san ubanka. Ba tambayar ka za su yi ko kana da jinin sarauta ba. Ɗan manomin rake da ɗan dagaci takarda iri ɗaya ake ba su, hatimi iri ɗaya. Ku mutanen Rogo sai kun ƙara kula a nan, domin kuna kan iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, gida ɗaya sai ka ga wani an haife shi a Zariya, wani ya yi firamare a Funtuwa. Ka tsaya kan jiha ɗaya da ƙaramar hukuma ɗaya a duk takardunka. Wanda ya karɓi indijin biyu don ya ci nan ya ci can, ranar tantancewa yakan tashi a tutar babu.

Ba zan yaudare ka in ce babu alfarma ba. Akwai ta, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Sai dai murhun ya tashi daga ƙofar fada ya koma gidajen 'yan siyasa da ofisoshin birni. Kuma in ka duba da kyau, babbar riba da ɗan babban gida ke ci ba wasiƙar alfarma ba ce. Labari ne ke riskarsa da wuri. Yayansa ya taɓa cike irin fom ɗin, kawunsa ya san watan da ake buɗe shafin, takardunsa suna jere cikin fayil tun yana sakandare, in an kira tantancewa a birni yana da kuɗin mota da wurin kwana. Kai kuwa sai an kusa rufewa wani ya turo maka a WhatsApp. Wannan gibi gaskiya ne, amma irin gibin da ake iya cikewa ne, ba kamar jini ba. Abin da ke ba ni haushi da maganar abokanka shi ne, duk yaron ƙauye da ya yarda da ita ya ƙi cike fom, ya sauƙaƙa wa ɗan birni gasa da hannunsa. Inda aka ware gurbi ga kowace ƙaramar hukuma cikin 44 na jihar Kano, in 'yan Rogo na gaskiya ba su nema ba, wani wanda bai san hanyar garin ba zai je ya yanki takardar ya cinye gurbin.

To me ke akwai? Na farko Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kano, wadda ke ba ɗalibai 'yan asalin jihar da ke manyan makarantu alawus. Kuɗin ba mai yawa ba ne, amma sunanka ya shiga rijistarsu, ka kuma riƙa bin ƙungiyar ɗalibai 'yan Kano ta makarantarku don a nan sanarwa ke fara sauka. Na biyu shi ne karatun ƙasashen waje da jihar kan ɗauki nauyi. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura rukunin farko na ɗalibai 501 yin digiri na biyu, a 2023 kuma aka farfaɗo da shirin da gurbi 1,001, aka tura ɗalibai Indiya da Uganda. Sharaɗin da aka sanar a wannan karo na baya shi ne zama ɗan jihar da kuma digiri mai daraja ta ɗaya. Kana aji biyu, ɗana. Wannan sharaɗi yanzu ake cika shi, a jarrabawar zangon nan, ba ranar da aka fitar da sanarwa ba.

Sai asusun NELFUND na gwamnatin tarayya, wanda ya fara karɓar masu nema a watan Mayun 2024. Wannan bashi ne, ba kyauta ba, kada kowa ya rikita ka. Amma babu ruwa a kansa, ba a neman mai tsaya maka, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ana kuma ba ɗalibi kuɗin kashewa duk wata, Naira 20,000 a lokacin da aka fara, biya kuwa sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Ga halin da ka ce mahaifinka yake ciki, wannan ne mafi kusa da hannunka. Ku zauna da shi ku yi shawara kafin ka nema, domin bashi ko na gwamnati ne sunansa bashi.

Sauran zan ratsa su da sauri. Hukumar tallafin karatu ta tarayya takan buɗe nata ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati masu sakamako mai kyau. Asusun PTDF na masu injiniya da kimiyyar ƙasa da fannonin man fetur ne. Kamfanoni irin su MTN da NLNG suna da nasu, da jarrabawa ake shiga. Mai Larabci da haddar Alƙur'ani ya dubi Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar ta Masar. Chevening na Ingila sai bayan digiri da aikin shekara biyu, saboda haka ajiye shi a zuciya tukuna. Ofishin ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Karaye da Rogo, da na sanatan Kano ta Kudu, da na shugaban ƙaramar hukuma, su ma ka riƙa leƙawa, domin masu riƙe da irin waɗannan kujeru sukan biya wa ɗalibai kuɗin rijista, kuma neman wannan ba roƙo ba ne, kuɗin jama'a ne.

Abin da ya fi kayar da yaranmu kuwa ba rashin gata ba ne, suna ne. Na taɓa raka ɗan ƙanwata wajen wata tantancewa. Yaro ya ci jarrabawa, sakamakonsa ya fi na mafi yawan waɗanda ke layin. Da aka baje takardunsa sai ga shi a ta sakandare ya sa sunan garinsu a ƙarshe, a ta JAMB sunan mahaifinsa, a katin ɗan ƙasa kuma sunan kakansa, ga shekarar haihuwa ta bambanta a biyu daga ciki. Ma'aikacin ya dube mu ya ce shi mutum uku yake gani a gabansa, wanne zai ba? Kafin mu yi rantsuwar kotu mu gyara, an rufe. Na yi fushi da ma'aikacin a ranar, daga baya na gane laifinmu ne mu manya da ba mu duba ba tun da wuri. Saboda haka cikin hutun nan ka zauna ka jera takardar haihuwa, sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, takardar shiga jami'a, lambar NIN, lambar BVN da indijin, ka tabbata suna ɗaya ne da jeri ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka buɗe imel naka na kanka, ka sa lambar wayar da ba za ka canza ba, kada ka bar mai kafe ya sa tasa. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sayar maka da gurbi, ɓarawo ne, ko da wace irin riga ya sa.

Binciken asalin kuwa kada ka fasa, sai dai ka yi shi don kansa. Ka fara da kaka tun tana da ƙarfin magana. Ka kunna rikodar wayarka ka bar ta ta yi ta zuba, kada ka katse ta. Abin da kake farauta shi ne sunan garin, sunan sarautar, sunan mutumin da na ubansa, wanda ya gaje shi, da dalilin da ya sa gidan ya tashi. Ka tambaye ta kirarin gidan in tana tunawa, da irin tsagar da ke fuskar iyayenta, domin tsofaffi kan manta shekara amma ba su cika manta kirari ba. Daga nan ka nemi tsofaffin garin da ta ambata, musamman limamai da makaɗan fada da maroƙa, su ne ma'ajiyar sunaye. Sai dai ka sani maroƙi ba ya rage wa mai ba shi kuɗi tsawo, kuma kusan kowane gida a ƙasar Hausa in an matsa sai ya kai kansa Gabas, ko Bagadaza ko Yaman ko Misira. Abin da bakuna biyu ko uku da ba su haɗu ba suka yi ittifaƙi a kai, shi za ka riƙe.

In ka samu sunan gari da na sarauta, akwai inda za ka gwada su da rubutu. Jami'an mulkin mallaka sun bar rahotannin kimanta haraji da littattafan gunduma, inda sukan rubuta garuruwa da jerin dagatansu da yadda aka haɗe su, kuma ana ajiye irin waɗannan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. A garin kuma akwai Gidan Arewa. A Kano ka je Gidan Ɗan Hausa, inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take, wato gidan mutumin nan da ya buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero ma yana da kundayen ɗalibai kan garuruwa da gundumomi. Don labarin jihadi a ƙasar Kano, ka nemi malamin da zai karanta maka Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi.

Ranar da za ka je wurin dagacinku neman sa hannu a takardar indijin, ka tafi da wuri, ka cire takalmi, ka yi gaisuwa yadda ta kamata. In an gama sa hannun, fada ta ɗan yi sauƙi, sai ka ambaci sunan kakan kakar taka, ka ce ko ranka ya daɗe ya taɓa jin labarinsa. In shi bai sani ba, cikin dattawan da ke zaune a gefensa da wuya a rasa wanda zai ce a je a tambayi wane.